Salati a Kan Gyaɗar Iri

Littattafan soyayya sun raine ni fiye da yadda lakkol, makarantar boko, ta raine ni. Daga Kano ake kawo su Matamaye, mu 'yan mata mu yi ta aron su gida-gida har bangonsu ya rabu da su. A cikinsu na koyi cewa idan miji ya dawo daga tafiya, matarsa takan saki abin da ke hannunta ya faɗi ƙasa, shi kuma ya dube ta ya ce bai yi barcin kirki ba tun da ya bar ta. Na riƙe wannan kamar karatun allo.

Wanda nake so na aura. Ɗan cin rani ne, kamar yawancin mazan unguwarmu. Ana gama kaka sai ya ɗauki jaka ya nufi Ikko sayar da takalma, ba za a sake ganinsa ba sai ruwan shuka. Ni da mahaifiyarsa, wadda nake ce wa Inna, aikinmu idan bazara ta yi shi ne ɓarar gyaɗar iri, don ya iske ta a shirye. Mu zauna gindin dalbejiya, buhu a tsakaninmu, ita bakinta na motsi, ni littafi a cinyata.

"Ke 'yar nan, littafin ne zai ɓare mana gyaɗar?"

"Inna, saura shafi ɗaya, yanzu zai dawo mata."

"Na littafi ai kullum dawowa suke. Miƙo faifai."

Shekarar da na haifi 'yata, ruwa ya sauka bai zo ba. Ya kira a salula, ya ce kasuwa ta buɗe, mu sa a yi shukar. Maƙwabcinmu ya yi mana sara da sungumi, ni da Inna muna binsa muna zuba iri muna rufewa da diddige, ga matan mutane kowace tana bin sawun mijinta. Damina ta gaba lambarsa ma ta daina shiga. Masu dawowa suka ce lafiyarsa lau, sun gan shi yana cin tsire.

Wannan maganar ta tsire ita ta ƙona ni. Da rashin lafiya aka ce, da na san inda zan ajiye kukana. Abinci ya ƙi wuce maƙogwarona. Na koma yi wa yarinya tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Duk kabu-kabun da ya rage gudu a ƙofar gida sai gabana ya faɗi, in ya wuce in tsine masa a zuci.

Wata rana muna ɓara, Inna ta jawo ƙwaryata ta tona da yatsa. Rabin ƙwayoyin sun dare biyu, jar fatarsu ta saɓule. Gyaɗar da ta dare ba ta tsira.

"Kashe mana iri kike yi. Shi kike matsewa ko gyaɗar?"

Ta turo mini ƙwaryar, ta ci gaba.

"Kowane kwanso, salati ɗaya. Kada yatsa ya riga harshe. Ki ji abin da kike faɗa."

"In na yi zai dawo?"

"Ni na ce miki haka? Salatin Annabi ba kuɗin mota ba ne. Ki yi don Wanda ya ce a yi, ki samu ki haɗiye tuwo. Kina tsammani uban mijin naki a gida ya tsufa?"

Ban taɓa tambayar abin da bakinta ke faɗa duk shekarun nan ba. Ranar na sani.

Da farko ciniki na yi. Bakina na salati, kunnena na kan titi. Amma gyaɗa ba ta ɓoye wa mutum halinsa: duk lokacin da hankalina ya tafi Ikko sai ƙwaya ta dare a hannuna. Sai in dawo, in fara a hankali, Allahumma salli ala Muhammadin wa sallim, kwanso ya buɗe daidai ƙarshen kalmar. Da buhu ya ƙare salatin bai ƙare ba. Ya bi ni wajen daka, ya bi ni famfo, ya zauna da ni bayan sallar asuba kafin in hura wuta. Ban san ranar da wutar ƙirjina ta mutu ba. Na dai lura wani kabu-kabu ya tsaya a ƙofa ya sauke mutum, ni ko kai ban ɗaga ba.

Damina ta uku ya dawo, da la'asar, muna ɓara. Na ji sallamarsa ina tsakiyar salati. Na ƙarasa shi, na ajiye ƙwaya a ƙwarya, sannan na amsa. Ƙwaryar ba ta faɗi ba. Na shimfiɗa masa tabarma, na kawo ruwa.

"Ke, ko murna ba ki yi ba?" in ji shi, yana dariya. "Inna, kin mayar mini da ita tsohuwa."

Inna ta ce, "Sha ruwanka."

Ya zuge jaka ya miƙo mini tsarabata. Littafin soyayya ne sabo fil, irin waɗanda ya san ina so. Na karɓa hannu biyu, na yi godiya. Na lalubi zuciyata ko zan samu wani abu, ko da haushi ne, na tarar da ita a share kamar ɗakin da aka kwashe wa kaya.

Ina gode wa Allah da wannan natsuwa, da ba don ita ba da na haukace. Amma yarinyar nan da nake a da, wadda za ta saki ƙwarya ta ruga, ita nake kewa, fiye da yadda na taɓa kewarsa. Shi ya kashe ta, bai ma san an yi rasuwa a gidansa ba.

Bayan kaka ya sake ɗaukar jaka. Littafin na nan a ƙasan akwati, ban buɗe shi ba. Gyaɗar bana kuwa ko ɗaya ba ta dare a hannuna ba.