Wutar Baƙin Mai

Ni da na tashi a garin da ko kwale-kwale babu, sai ga ni a wata jami'a a unguwar Bloomsbury, can ƙasar Turawa, ina nazarin yadda baƙin mai ke cin wuta a cikin injin jirgin ruwa. Lokacin fetur ya yi tsada a duniya, masu jirage sun koma ƙona guggubin da ke saura a matatar mai, mai kauri kamar maɗi. Aikina shi ne in sa kwamfuta ta lissafa yadda ɗigon man nan zai kama wuta. Injin kansa ban taɓa sa shi a ido ba, sai a hoto.

Kwamfutar ma ba a barinmu mu taɓa ta. Sai ka huda katuna, ka jera a kwali, ka miƙa ta taga, washegari ka dawo ka karɓi takarda. Ka kuskure waƙafi ɗaya, yini ya tafi a banza. In ma babu kuskure, sai zafin ya yi ta hawa a lissafin, can kuma ya faɗo sifiri. Wutar ta mutu ke nan. Malamina, wani dattijon Bature da lofe ba ya barin bakinsa, sai ya duba ya ce abin da ban sha'awa. Ni ban ga abin sha'awa ba, na gaji ne kawai.

A unguwar Barking muke haya, ɗaki ɗaya a saman bene, ni da matata. Kullum na dawo sai in tarar da ita kusa da hitar kananzir da ke ɗumama mana ɗaki, ta naɗe cikin bargo.

"Malam, ta kama?" in ji ta.

"An yi reject ɗin katunan, an dawo mini da su."

"Ikon Allah. Ni tawa ashana ɗaya nake ƙyasta mata."

Da farko ina dariya. Daga baya tambayar ta fara yi mini nauyi, don tana da cikin fari, iyayenta kuma sun aiko a kai ta gida goyon ciki. Na yi mata alkawari tare za mu tafi, ni zan yi wa jaririn huɗuba da bakina. Da wutar ta kama, sai mu ɗaure kaya.

Abokaina sai watsewa suke yi. A gida kuɗin mai ya shigo, ana neman masu takarda ruwa a jallo, kowa ya sauka sai ofis da mota. Ni kuwa in na tashi, za a ba wani layina a kwamfuta, shekarun da na yi su tashi a tutar babu. Cikin ya tsufa har aka ce in ta ƙara jinkiri jirgin sama ba zai ɗauke ta ba. Na raka ta filin jirgi. Ranar ba ta tambaye ni komai ba, wannan shirun kuma ya fi tambayar ciwo.

Wutar ta kama wata rana da la'asar ana yayyafi. Lambobin suka hau, suka tsaya cak inda ya kamata. Malamina har ya cire lofensa. Na naɗe takardar na hau jirgin ƙasa na layin District zuwa gida, na buɗe ɗaki, na tarar da hitar a sanyaye. An riga an yi suna, wani ɗalibi da ya dawo hutu ne ya gaya mini mace ce, yayana ne ya yi mata huɗuba. Na zauna da kwat ɗina a jiki, ban ji daɗin komai ba.

Rubutu da jarrabawa suka sake cinye wasu watannin. Ranar da na shiga gidan surukaina, yarinyar na tafiya da ƙafarta.

"Ga Babanki," in ji uwarta.

Ta dube ni, ta ruga bayan zanen uwar ta ɓuya. Matata ta ɗago kai.

"Ta kama?"

"Ta kama."

"To, madalla," ta ce, ta saɓi yarinyar suka shige ɗaki.