Rahmatu Bello, mai toshe ɓarakar manhaja

Kowace safiya, kafin cunkoson Nyanya ya kankama, Rahmatu Bello ta riga ta bar Jikwoyi zuwa ofishinsu a Utako, cikin Abuja. Kamfaninsu yana da manyan kwamfutoci, ana raba kowace guda ƙanana-ƙanana a ba asibitoci da makarantu haya. Akwai manhajar da ke tsaron wannan rabo, kada na wani ya kutsa cikin memori, wato ma'ajiyar bayanan wani. Ita ce Rahmatu take bi layi bayan layi, tana neman inda aka zuba bayani fiye da wurin da aka tanadar masa, ko inda aka saki wuri kuma aka koma amfani da shi.

Solomon, abokin aikinta, yana nan ranar da za a ɗora bayanan wani asibitin haihuwa na Karshi. Ogansu ya matsa a fara. Ta ce masa, "Oga, ka yi haƙuri, akwai ɓaraka. Wanda ya gano ta zai karanta sakamakon gwajin matan nan duka." Ransa ya ɓaci, amma ya jira. Ta toshe ta, ta aika gyaran ga masu kula da manhajar a waje don kowa ya amfana. Matan ba su taɓa jin sunanta ba.

Sannu a hankali ta riƙa ƙara girman rubutu a allonta, ba wanda ya tambayi dalili. Da ta je asibiti, likita ya ce hawan jinin ido ne. Na hagu ya tafi, na dama yana binsa.

Ranarta ta ƙarshe a ofis ta ce, "Solomon, karanta mini gyaran nan da ban gama ba." Yana karantawa tana saurare, har ta ce, "Tsaya. A nan za ka sa a auna tsawon bayanin." Da ya rubuta, ta ɗauki jakarta ta roƙe shi ya raka ta tasha, don ba ta iya tsallake titi ita kaɗai. Ya raka ta har ta shiga mota.

Rahmatu, ke ce kika rufa asirin mutanen da ba su san ki ba. Mun gode, Allah Ya saka miki, Ya bar miki sauran ganin da ya rage. Ku kuma masu wannan aiki, ku duba kamar yadda take dubawa. Kuma idan na kusa da ku ya fara matso da fuskarsa ga allo, ku tambaye shi lafiya.