Ƙwayar da Sa'adiya Ba Ta Haɗiya Ba

Shekara tara ke nan Maryamu tana rabon maganin tundurmi a ƙauyukan gefen Bunkure. Mijinta manomin shinkafa ne a bakin kanal ɗin ban ruwa, inda sauron da ke yaɗa cutar ya samu gidan gado. Ita ba malamar asibiti ba ce. Horon kwana biyu aka yi mata, aka danƙa mata sandar awo da gwangwanin ƙwayoyi. Ta karɓi aikin ne saboda mahaifiyarta, wadda ƙafarta ta kumbura kamar turmi, har ta rasu ba ta sake sa takalmi ba.

Ƙa'idar ba wuya: a auna tsayin mutum, a ba shi ƙwaya daidai tsayinsa, ya haɗiye nan take. Mai ciki kuwa ba a ba ta. To, a nan gizo ke saƙar, don wanda ya tsara ƙa'idar bai taɓa tambayar Bafulatana ko tana da cikin fari a gaban uwar mijinta ba.

Wata Talata ta je rugar Gidaɗo. Mata suka yi layi, matar Gidaɗo na zaune gefe tana kaɗa nono. Da aka zo kan Sa'adiya, matar ɗansu, Maryamu ta lura tana tofar da yawu a ɓoye.

"'Yata, babu komai dai ko?" ta tambaya ƙasa-ƙasa.

"Babu komai, Inna," in ji Sa'adiya, ta miƙo hannu.

Tsoro ya kama Maryamu. In ta ba ta, ta ɗauki alhakin abin da ke cikinta. In ta hana ta, ta tona mata asiri a gaban dangin miji, alhali yarinyar ta gwammace ta haɗiye gwangwanin duka da a yi haka.

Sai ta girgiza gwangwanin, ta dunƙule hannu babu komai a ciki, ta ɗora a tafin yarinyar. "Haɗiye, ga ruwa." Sa'adiya ta kai hannu baki, ta kurɓi ruwa, har da yamutsa fuska kamar sauran.

Maryamu ta koma gida cikin zullumi, kada tsohuwar nan, matar Gidaɗo, ta ce an hana surukarta magani, a daina buɗe mata rugar.

Bayan wata shida sai ga tsohuwar da ƙafarta, da goron suna ƙulle a gefen mayafi.

"Namiji ne," ta ce. "Na ga hannunki ran nan. Allah ya rufa miki asiri yadda kika rufa mana."