Tsingaron Mutanen Yunan

An ƙwace min fadama don ban iya rubuta sunana ba, kuma har yau ban yafe ba. Zamanin Turawa ne, shekarar da mijina ya rasu. Da ruwa ya janye, malamin dagaci ya zo rubuta wanda ke noma kowane fili. Mace ba ta shiga zauren dagaci, sai na aiki ƙanin mijina, Sale, ya sa a rubuta ni. Ya je ya sa aka rubuta shi. Da yamma na zauna bakin murhu, ba kuka nake ba, kakata Yagana nake tunawa.

A ƙauyenmu na gefen Kirikasamma ta rene ni. Lokacin sanyi, in an yi lisha, mukan kewaye wutar da take bandar kifi, hayaƙi na cin idanunmu amma ba mai matsawa. Tana juya tarwaɗa tana magana. Akwai labarin da takan ce ba tatsuniya ba ne, mahaifinta ne ya jiyo shi a Masar, da ya tafi Makka a ƙasa.

Wai a ƙasar Yunan an yi wani birni da ba shi da sarki. Mutanen gari ke taruwa su yanke abin da za a yi. In wani ya fara girma har ana tsoron zai hau kansu, sai a taru a kasuwa, kowa ya ɗauki tsingaron tukunya ya karce sunan wanda yake so a kora. Wanda sunansa ya fi yawa, ya bar garin shekaru.

Rannan wani manomi da bai iya rubutu ba ya tare wani dattijo, ya miƙa masa tsingaronsa, ya faɗi sunan da yake so a rubuta. Bai sani ba, mai sunan ne a gabansa. Dattijon ya ce, "Me ya yi maka?" Manomin ya ce, "Ba komai, ban ma san shi ba. Na dai gaji da jin ana cewa mai gaskiya, mai gaskiya." Dattijon ya karɓa, ya rubuta sunan kansa, ya mayar masa. Aka kore shi.

"Kun ji mutum," in ji Yagana. "Ko ba mai duba hannunka, ka rubuta abin da aka ce maka."

Na ce, "Kaka, matan garin fa, wa suka rubuta?"

Ta yi dariya har tari ya kama ta. "Ke ƙawata, bakinki ya fi ki girma. Su matan, da tukunyar suke ɗebo ruwa. Sai ta fashe take zama ta maza."

Na girma ina ɗaukar labarin na dattijon ne. Sai ranar da Sale ya cuce ni na gane ni ce manomin. Shi ya yi dace, hannun da ya miƙa wa tsingaronsa na mai amana ne. Ni na miƙa wa Sale. Mutanen Yunan sun yi dabara da suka ƙi barin mutum ɗaya ya mallake su, amma wanda bai iya karce suna ba, kullum maganarsa a hannun wani take. Kuma na san baɗi ruwa zai sake janyewa, malamin dagaci zai sake zuwa.

Da gari ya waye na tsinci tsingaro a bayan ɗaki, na ja mayafi, na tafi gindin tsamiyar da ake ajin yaƙi da jahilci. Maza ne zalla, har da Sale. Malamin ajin ya ce, "Baiwar Allah, aike ne?"

Na ajiye tsingaron a gabansa na ce, "Na daina aike, Malam. Rubuta min sunana, Hadiza, a nan. Sannan ka koya min har in iya dubawa in ga ko shi ka rubuta."

Na shimfiɗa tabarmata na zauna.