Burtalin da Ya Ci Garina

Ranar wata Asabar ce a tsakiyar damina, shekarar da na gama firamare, aka aike ni da taubashina Sani daga Gozaki mu kai wa Kawu Lawal ɗanyar masara Funtua. Kawu malamin makaranta ne, kuma a falonsa na fara ganin kwamfuta, wata ƙatuwa mai ƙeya kamar randar Inna, in an kunna ta sai ta yi nishi irin na saniya mai naƙuda. A cikinta akwai wasan yaƙin zamanin da, na masu kwari da baka. Abin da ya tafi da hankalinmu shi ne wurin da mutum ke zana taswirar filin daga da kansa: ka ja linzami kogi ya malalo, ka danna dutse ya tsiro, ka share daji guda ko ƙaya ba ta soke ka ba. Mu da mukan kwana uku muna tuge kututture ɗaya, sai muka saki baki.

Kawu ya ce kowa ya zana ƙasarsa ya kafa gari, a sako masa rundunar kwamfuta, a ga garin wa zai fi daɗewa. Sani, da yake taubashi ba ya rasa mugunta, ya ƙara sharaɗi: wanda aka fara ci shi zai yi wa ɗan'uwansa maimai a gayaunarsa. Tasa gayaunar kuwa ciyawa ta kai wuya, har zomaye sun naɗa mai unguwa a ciki.

Sani ya dasa garinsa a tsakiyar ruwa, ya zagaye shi da duwatsu, ko kunyar shuka ɗaya bai ja ba. Na yi dariya har da riƙe ciki, na ce, "Mutanenka tsakuwa za su ci?" Ni kuwa na zauna na yi aikin ɗan manomi. Na shimfiɗa fadama, na yanka gonaki, na jera rumbuna, na ja ganuwa mai kauri. Ina gab da rufe ta sai na hango shanun wasan suna kiwo a waje, maganar Baba ta faɗo mini: "Wanda ya toshe burtali ya kira wa kansa rigima." A gonarmu ko taki ɗaya ba a ci daga hanyar shanu. Nan take na fasa ganuwar, na buɗe burtali mai faɗi tun daga daji har mashaya a tsakiyar gari, har da itatuwa gefe da gefe don inuwa.

Da aka sako mayaƙa, ko kallon ganuwata ba su yi ba. Suka jero a burtali cikin natsuwa kamar 'yan ɗaurin aure. Kafin Kawu ya shanye kofin kununsa rumbunana sun zama toka. Na Sani kuwa, mayaƙan suka tsaya bakin ruwa suna zarya har aka ɗauke wuta.

Kwana huɗu na yi sunkuye a gayaunar nan, Sani yana kwance gindin ɗorawa yana kira na Sarkin Burtali. Da labari ya kai wa Baba, sai ya tambaye ni, "An ci garin, amma shanun sun sha ruwa?" Na ce sun sha. Ya ce, "To ba ka faɗi ba." Sai dai bai ce in ajiye fartanyar ba.

Yau ɗana yana irin wannan wasa a waya, ganuwa ninki uku, ko ƙuda ba ya samun ƙofa, kuma kullum shi ke nasara. Burtalin da ke gefen gonarmu maƙwabta sun nome shi kaɗan-kaɗan, har akuya sai ta karkace take wucewa. Sani bai daina kira na da sunan nan ba, ni ma ban daina amsawa ba. Da za a sake ba ni linzamin, wallahi sai na sake buɗe hanyar.