Tsakuwar Cikin Tsiron Shinkafa

Shekarar da mahaifiyata ta rasu aka kai ni wurin kakata a Ƙofar Durbi. Ina da shekara bakwai. Gidan babba ne, amma mu biyu ne kawai a ciki, kuma tun da aka kawo ni na daina magana. Bayan magariba takan zauna gaban murhu tana jiran ruwan tuwo ya tafasa, ni kuma in raɓe jikin bango. Nan take yi mini tatsuniya, ko na amsa ko ban amsa ba.

Wata rana ta jiƙa wa ƙaninta, mai noma a wajen Batagarawa, irin shinkafa a ƙwarya. Da ya tsiro sai ta ɗauko ɗaya ta ɗora mini a tafin hannu.

Ta ce, "Kin ga wagga? Marainiya ce."

A tatsuniyar, an dasa 'yar shinkafa ita kaɗai a tsakiyar ruwa. Duk abin da ƙasa ta ba ta sai ta sha, mai daɗi da mai ɗaci, ga shi ba ta da bakin tofarwa. Ɗacin ya taru har ya kusa kashe ta. Sai ta dunƙule shi ya zama 'yan tsakuwa, ta ajiye a wani ɗaki cikin jikinta, ta ci gaba da tsayi.

Na ce, "Kaka, ba su yi mata ciwo?"

Ta daɗe tana gyara itace kafin ta ce, "Suna yi mana, ɗiyata. Amma ta yi 'ya'ya." Ta goge ido da bakin zane, ta ce hayaƙi ne.

Yanzu binciken amfanin gona nake yi. Ranar da na yanka tsiron shinkafa na sa a madubin ƙara girma, sai na ga 'yan tsakuwar, ƙanana, suna ƙyalli. Tsiron kan zuƙo sinadarin kalsiyam daga ƙasa, ya haɗa shi da wani ruwa mai tsami da yake yi da kansa, su daskare a cikinsa. Na zauna har kowa ya tashi daga aiki. Babu wanda zan faɗa wa. Kaka ta rasu ina jami'a, gidan ma an rufe shi.

Na daɗe ina zaton don ni ta ƙirƙiri labarin. Sai da na girma na tuna cewa wadda na rasa 'yarta ce, ita kaɗai ta haifa. Kowa ni yake lallashi. Ban taɓa jin an tambaye ta yadda take kwana ba, ni ma ban tambaya ba.