Baba Sanyi, Mai Rufe Shago da La'asar

Da hantsi za ka tarar da Baba Sanyi durƙushe a bayan firijin wani, ya kara kunne yana sauraron injin kamar likita. Gyaran firiji ne sana'arsa, shi ne oga, shi ne ma'aikaci. Amma da an yi la'asar sai ya wanke baƙin man hannunsa, ya kashe waya, ya garƙame shago.

Da can ba haka yake ba. Ko loma ce a bakinsa, waya na ƙara zai tsame hannu ya fita. Sai maiɗakinsa ta kwanta da shanyewar ɓarin jiki, likita ya ce ƙafar ba za ta dawo ba sai da tattaki kullum. Tun daga nan yamma ta zama tata. Mun sha ganinsu a layi, ta dafa kafaɗarsa tana jan ƙafa, yana tsokanarta: "A hankali, amarya, kar ki tsere min."

Wata rana wani mai otal ya taka burki a gabansu, ɗakin sanyinsa ya tsaya, nama na neman lalacewa.

"Shigo mu tafi, Baba!"

"Ranka ya daɗe, ka ga aikin da ke hannuna. Ƙanena ya iya, yanzu zan turo maka shi. Ni kuma da sassafe ina ƙofarka."

"Ka tafi mana, Malam," in ji ta. "Yau ɗaya dai."

"Yau ɗayan ce ba ni da ita."

Mai otal ya fizgi mota, bai sake kiransa ba. 'Yan kasuwa suka sa masa mijin-ta-ce, ya yi dariya ya ce ai gaskiya suka faɗa. Shagon ya ji jiki, bai mutu ba. Ita kuwa bana da ƙafarta ta je bikin jikarta, ko sanda babu.

Baba, kai ne ka nuna mana cewa mai aikin kansa ma yana da lokacin tashi. Yanzu da kake miƙa wa ƙanenka makullin shago za ka huta, mun gode, Allah ya ƙara muku lafiya.

Ku kuma masu shaguna, telanku da makanikenku, ku riƙa rufewa da sauran rana. Akwai mai jiran ku a gida, kuma ba kwastoma ba ne.